Mai Ɗaci na Bakin Shinge

Shekara talatin da ɗaya Taisiya Yegorovna ta yi a masana'antar ashana da ke birnin Tomsk, aikinta kuwa guda ne: ta ɗauki kwali daga layi, ta zazzage, ta ƙirga tsinke, ta duba kan kowanne. Har ta kai in ta girgiza kwali a kunne za ta ce maka saura biyu ya cika, a buɗe a tarar haka ne. Ranar da ta ajiye aiki ta bar ashana a masana'anta, amma ƙirga ta biyo ta gida. Ta san matakalar benensu hamsin da huɗu ce. Ta san daga tashar bas zuwa ƙofar lambunta taku dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin ne, in an yi ruwa a ƙara arba'in na kewaye taɓo.

Lambun nan tun tana matashiya aka ba su shi, lokacin da ake yanka wa ma'aikata filaye a bayan gari. Nasu ya faɗo a hayin kwazazzabo, inda fili biyu kawai suka samu shiga kafin daji: ɗaya nata da mijinta Yefim, direban motar katako, ɗaya na Kapitolina, mai dafa abinci a makarantar yara, wadda kowa ke kira Kapa. Tsakaninsu shingen katako ne mai tsawon taku ashirin da biyar, tsayinsa iya ƙugu. Iya ƙugu ɗin nan shi ne masifar, domin ba abin da yake ɓoyewa.

A kusan komai Taisiya ce a gaba. Dankali buhu tara, na Kapa shida. Kabeji kai arba'in, na Kapa ashirin da 'yan kai, rabi tsutsa ta huda. Kokwamba kuwa ba a ma haɗa su. Kapa irin matan nan ce da za ta fara cire ciyawa, ta ga rana ta yi daɗi, ta ajiye fartanya ta ɗora shayi.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Taisiya a wuya: jimolost.

Shi ne ɗan itacen da ke fara nuna a shekara. Bayan wata shida na dusar ƙanƙara, ana cin kabejin gishiri har baki ya gaji, sai tsakiyar Yuni 'ya'yansa su fito shuɗaye, dogaye kamar gaɓar yatsa, da farar ƙura a jikinsu. Wanda ya fara cika kwano da shi, a ranar ya fi kowa. Taisiya tana da tushe biyar. Huɗu tsohon iri ne, 'ya'yan ƙanana, masu tsami, iska kaɗan ta kaɗa su zube. Na biyar kuwa Yefim ne ya haƙo shi a daji shekarar da suka sami filin, ya naɗo saiwar cikin rigarsa, ya dasa a bakin shinge. Ya girma ya fi mutum tsayi, ɓawonsa na saɓewa kamar tsumma, furensa ya fi na kowa yawa, amma 'ya'yansa ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Mai Ɗaci suke ce masa. Yefim kaɗai ke cin sa, cokali biyu a shayi, wai yana sauke masa hawan jini.

Kapa kuwa tushe bakwai gare ta, jere a ɗaya gefen shingen. Dukansu daga tsiro guda suka fito, wanda wani ɗan uwanta ya kawo mata daga garin Bakchar, ita kuma ta riƙa binne rassa har suka zama bakwai. 'Ya'yansu manya, masu zaƙi, ba sa zubewa sai an girgiza. Kowace shekara Kapa za ta shimfiɗa tsohon zanen gado a ƙasa, ta kama reshe ta girgiza tana waƙa, Taisiya kuma tana duƙe cikin albasa tana ƙirga bokitin da ke shiga gida. Huɗu. Wata shekarar huɗu da rabi. Nata kuwa, duk da takin da take zubawa da ruwan da take aunawa bokiti biyu ga kowane tushe, bai taɓa wuce ɗaya da rabi ba, har da na ƙasa da ta tsince.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kwanon. Ranar farko Kapa za ta miƙo kwano cike ta saman shinge, tana kiranta Taya, yadda ake taƙaita sunanta.

"Taya, karɓi ki ɗanɗana. Bana sun yi zaƙi har sun yi yawa."

"Muna da namu."

"Na sani, ina jin Yefim yana tari in ya ci. Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Sai ta karɓa, ta shiga ciki, ta zazzage a faranti. Ɗari da goma sha biyu suka cika kwanon. Nata sai ɗari uku suke cika shi. Ta ci, ta ji zaƙin har cikin kunne, ranta kuma ya ƙara ɓaci.

Ko lokacin fure ba ta huta ba. A watan Mayu, gari da sauran sanyi, manyan ƙudan zuman nan masu gashi ne kawai ke iya fita. Wata safiya ta zauna a kan bokiti ta ƙirga su: cikin awa guda, arba'in da uku suka sauka a kan Mai Ɗaci, suka tashi suka tsallaka shinge zuwa wajen Kapa.

"Fima, zo ka gani," ta ce wa mijinta. "Har ƙudan ma can suke gudu."

"To ki yi musu katin shiga," in ji Yefim, yana gyaran ƙugiyar kamun kifi. "Ki tsaya a bakin shinge ki riƙa dubawa."

"Kai komai wasa ne a wurinka. Mace ba ta taɓa zuba taki ba, ba ta san yawan tushen tumatirinta ba, amma a ce bokiti huɗu?"

"Tsohuwa, kin fi ta dankali."

"Wa ke miƙa dankali ta saman shinge a watan Yuni?"

Shekara tara tana wannan ƙirgar. A ta goma ta yanke shawara: ba taki ba ne, ba ruwa ba ne, ba hannu ba ne, iri ne. In ta sami irin Kapa, ta haɗa da nata aikin, bokiti huɗu zai zama abin dariya. Amma ta buɗe baki ta roƙa? Ko kusa. Sa'ar da ta yi, a wajenmu kowace mai lambu ta san reshen da aka sata ya fi wanda aka roƙa kamawa. Ba a ɗaukar sa sata, dabara ce ta dashe. Har akwai masu cewa in ka zo neman reshe, mai shi ya juya baya ya yi kamar yana kallon sama.

Ranar sha huɗu ga Yuni, da hantsi, Kapa ta tafi kai wa jikarta kwano a tashar bas. Taisiya ta san tafiyar minti ashirin da biyar ce zuwa da dawowa. Ta ɗauki almakashi, ta taka bokiti, ta tsallaka shinge, mace mai shekara sittin da uku. Ta yanki ɗanyun rassa ashirin, kowanne tsawon tafin hannu, ta cusa a aljihun riga. Tana dawowa siket ɗinta ya kama ƙusa ya yage.

Da yamma Kapa ta leƙo, ta dubi ƙyallen da ke maƙale a ƙusa, ta dubi kwalabe ashirin da aka kife kan rassan da aka dasa a inuwa bayan ɗakin wanka.

"Maƙwabciya, me kike dafawa a ƙarƙashin kwalabe?"

"Fure ne."

"Fure! Allah Ya raya. Ki riƙa ba shi ruwa safe da yamma, furen nan ba ya son ƙishi." Ta cire ƙyallen ta miƙo mata. "Ga wannan, iska ce ta kawo."

Cikin ashirin, goma sha huɗu suka yi saiwa. Goma sha biyu suka tsallake sanyi. Taisiya ta yi renonsu shekara biyu kamar jarirai, tana auna tsayinsu da sanda mai tsaga. Da suka isa dashe sai maganar wuri ta taso. Kowane tushe yana son taku biyu, goma sha biyu suna son ashirin da huɗu, wuri mai rana kuma ɗaya ne, bakin shinge, inda tsofaffin biyar suke.

"Huɗun ki cire, ban hana ba," in ji Yefim. "Amma nawa ki bar shi."

"Naka ya ci taku huɗu shi kaɗai. Wurin tushe biyu ke nan."

"Shekara talatin da huɗu yana nan, Taya. A rigata na kawo shi."

"Na sani, ni na wanke rigar. Shekara talatin da huɗu, me ya ba mu? Kofi ashirin na ɗaci. Zan riƙa ba ka mai zaƙi har ka ce ya isa."

"Mai zaƙi ba ya sauke jini."

"Likita ce ta faɗa maka, ko kifi?"

Yefim ya ɗauki sandar kamun kifinsa ya tafi kogi. Haka yake yi duk lokacin da aka fi shi baki. Ita kuwa ta ɗauki shebur. A watan Satumba ne, Kapa ta shiga gari ganin likitan ido. Huɗun sun fita cikin awa uku. Mai Ɗaci ya ci mata yini guda, sai da ta sa gatari ta raba saiwar gida shida, ta ja su ɗaya bayan ɗaya ta jefa a bakin kwazazzabo. Kafin rana ta faɗi, jarirai goma sha biyu suna tsaye a jere, igiya ta daidaita su.

Washegari Kapa ta dawo da auduga a ido ɗaya. Ta tsaya a bakin shinge ta daɗe tana kallo da ɗayan.

"Ina Mai Ɗaci?"

"Ya yi ritaya, kamar mu."

"Taya, me kika yi?"

"Na gyara lambuna. Ko sai na nemi izini?"

Kapa ta juya ta bar bakin shingen. Karo na farko cikin shekara talatin da huɗu ba ta mayar da wasa ba. Taisiya ta ɗauka tsoro ne ya kama ta, ganin goma sha biyu a gaban bakwai, daren nan kuwa ta yi barci mai daɗi.

Sanyi ya zo ya wuce. A watan Mayu duka sha tara ɗin, na nan da na can, suka yi fure, farare masu ɗan ruwan ɗorawa, bibbiyu a kowace gaɓa. Ƙudan zuma suka zo kamar kullum. Taisiya ta ƙirga furen tushe guda ta ninka da sha biyu, ta ga ko da yake yara ne za su ba ta bokiti. Sai furen ya bushe ya zube, a bayansa kuma babu komai. Nan ɗaya, can biyu, ƙanana, a murɗe. Ta bi layin da kofi a hannu: kofi biyu da rabi.

Ta leƙa wajen Kapa. Zanen gado yana shimfiɗe, Kapa na girgiza reshe ba waƙa, abin da ke faɗowa bai rufe zanen furen da ke jikin zanen ba. Bokiti ɗaya ya shiga gida, Taisiya ta ga gindinsa daga inda take.

Gaskiyar magana, abin da ta fara ji daɗi ne. Shekara goma sha biyu tana jiran ganin bokitin nan babu komai. Daɗin ya yi mata kamar minti biyar. Daga nan ta dubi kofinta.

"Bana sanyi ya ƙone fure," ta ce ta saman shinge. "Kowa ya yi asara."

"Wane sanyi? Furen nan ƙanƙara na sauka a kansa yana dariya. Je ki hayi ki gani, mutane na cika bokiti."

"To me ya same su?"

Kapa ta naɗe zanen, ta zo ta dafa shinge. "Ke kika same su. Naki sha biyu daga ina suka fito?"

Taisiya ta sunkuya tana juya 'ya'yan da ke cikin kofinta.

"Ba sai kin faɗa ba, siket ɗinki ya riga ya faɗa. Daga nawa suka fito. Nawa bakwai kuma daga guda ɗaya. Sha tara ɗin nan duk itace ɗaya ne, an yanka an dasa. Jimolost kuwa ba ya haihuwa da kansa, sai ƙuda ya kawo masa garin fure daga wani iri daban. Ranar da ɗan uwana ya kawo min tsiron ya ce, 'Kapa, ki nemo masa abokin zama na wani iri, in ba haka ba ganye za ki ci.' Na duba, na ga Mai Ɗaci a bakin shinge yana fure kamar hauka. Na ce me zai sa in wahala? Na dasa kusa da shi."

Taisiya ta riƙe katakon shinge. Arba'in da uku cikin awa guda. Ta ƙirga su da idonta, ta ɗauka gudu suke yi, ashe dako suke.

"Wato duk bokitin nan..."

"Na Mai Ɗaci ne. Da 'yan tsamin naki huɗu, su ma sun taimaka."

"Shekara goma sha biyu! Bokiti arba'in da tara da rabi!"

"Kin ga ni ban ma san yawansu ba."

"Kuma ba ki taɓa faɗa min ba?"

"In faɗa miki? Ke? Da washegari kin rufe shi da gidan sauro kin zauna gadi. Me kike tsammani nake miƙo miki kwano kowace shekara? Don kyawunki?"

Yefim yana zaune a bakin ƙofa yana ɓare tafarnuwa. Bai ɗago ba. Ya dai ce, "Rigata dai ba ta yi datti a banza ba," Taisiya ta juyo ta harare shi, ya ci gaba da ɓara.

Wata macen da kunya ce za ta rufe ta. Taisiya kuwa lissafi ne ya taso mata. Kwana uku tana zagaya lambu tana maimaitawa: rabin arba'in da tara da rabi nata ne, an ba ta kwano goma sha biyu. A rana ta huɗu ta ce wa Yefim ya shirya, za su daji neman wani. Ya ce gwiwarsa ba ta kai shi inda ya haƙo wancan ba, kuma hanyar ma ta rufe. Ta ce to za su sayo wani iri a kasuwar dashe. Ya ce a saya, shekara uku ko huɗu kafin ya yi furen kirki. Ta zauna a kan bokiti, ta ƙirga shekarunta, ta tashi.

A lokacin ne Kapa ta kira ta. "Zagayo ta ƙofa, kar ki tsallaka, ƙusar na nan."

Ta kai ta bayan tulin itacen wuta. A can, cikin ƙasa mai laushi, wani guntun kututture ne mai saɓaɓɓen ɓawo, ya fito da sababbin rassa biyar, kowanne tsawon hannu.

"Ranar da na dawo daga asibiti na gangara kwazazzabo da ido ɗaya. Cikin shidan biyar sun bushe. Wannan na jawo."

"Wannan ai nawa ne."

"Naki kin jefar. Wannan satowa na yi, shi ya sa ya kama."

Da kaka Kapa ta mayar da shi bakin shinge, daidai inda yake a da, sai dai a nata gefen. Shekarar da ta biyo ya yi fure kaɗan, aka samu bokiti ɗaya nan, ɗaya can. Ta biyu ya ƙaru. A ta uku ya kai kafaɗa, ƙudan zuma suka dawo da zirga-zirgarsu, yanzu daga can suke tsallakowa nan. Taisiya ta ƙirga talatin da takwas cikin awa guda, kowanne kuma sai da ya taɓa mata zuciya.

A Yunin wannan shekarar tushenta goma sha biyu suka ba ta bokiti biyar da kofi shida. Kapa ta sami huɗu. Abin da ta yi shekara goma sha biyar tana nema ya samu. Ta zaɓi manya ta cika kwano, ta yi taku tara zuwa shinge, ta miƙa.

"Kapa, karɓi ki ɗanɗana. Bana sun yi yawa."

Kapa ta karɓa da hannu biyu, ta ɗauki ɗaya ta ci. "Kai, sun yi zaƙi. Yaron nawa ya yi aiki." Ta shafa ganyen Mai Ɗaci. "Haka ake yi, maƙwabciya. Kowace shekara kwano ɗaya, ba na neman ƙari."

Taisiya ta dawo hannu wofi, bokiti biyar na jere a inuwa, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ga Yefim ya nufi shinge da kofinsa, Kapa na tsinko masa shuɗayen 'ya'yan ɗaci tana zubawa, suna dariya. Jiya ma mata biyu daga hayi sun zo kallon "Mai Ɗacin Kapa," haka suka kira shi a kunnenta.

Washegari da hantsi ta fito da almakashi da bokitin takawa. Kapa na tsakiyar lambu, ba ta je ko'ina ba. Suka haɗa ido. Kapa ta ajiye fartanya, ta juya baya, ta sa hannu a goshi tana duban sama.

"Yau kamar za a yi ruwa," ta ce wa gajimare. "Mai yankan reshe ya yi sauri. Kuma ya bar min na sama."

Taisiya ta yanki goma, huɗu daga ciki na sama. Ta kife musu kwalabe a bayan ɗakin wanka. Bakwai suka yi saiwa, biyar suka tsallake sanyi. Bana tana da shekara saba'in, tana auna su da sanda mai tsaga duk ranar Lahadi. Mafi tsayi ya kai gwiwarta. Na Kapa ya wuce kanta da taƙi biyu, ta auna shi ma, ranar da Kapa ta tafi tashar bas.